Kwandon da ke Kusurwar Hagu

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka fara horon da aka ce dole duk 'yan sa-kai na Gidan Tsamiya mu yi. Mu tara ne masu zagayawa da baƙi muna yi musu bayanin zane-zanen da ke rataye a gidan, yawancinmu 'yan fansho, aka jera mu a ɗakin karatu na baya kamar 'yan aji ɗaya. Wadda aka ɗauko ta koya mana bincike kuwa ba kowa ba ce illa Safina, yarinyar da na koyar a sakandare, har na taɓa sa ta durƙuso a rana don ta bar wata ta kwafi amsarta. Yanzu ita ce ma'aikaciyar laburare mai digiri biyu, ni ce a kan benci. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce Malama Muhibba ina gajiya, sannan ta miƙe ta haramta mana cewa "an ce".

Daga yau, duk abin da za mu faɗa wa baƙo a kan zane sai mun iya amsa tambaya uku: wa ya ce, a ina ya ce, yaushe ya ce. Kuma madogara ɗaya ba ta isa, sai biyu. Alhaji Jibrin, tsohon ma'aikacin rediyo wanda rabin bayaninsa ƙage ne mai daɗi, ya ce to shi ke nan an kashe masa kasuwa. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan magariba

An raba mana aiki. Kowa zai ɗauki zane ɗaya ya bincike shi, ranar ɗaya ga watan gobe ya tsaya gaban kwamitin gidan da iyalanmu ya faɗi abin da ya samo. Da wannan za a sake rubuta katunan bayanin da ke gefen kowane zane.

Ni ta ba ni "Marina da Hantsi". Ta ce wa ya fi ni cancanta, tunda zanen mahaifina ne.

Na ce ko za a musanya mini da na Alhaji Jibrin. Ta yi murmushi, ta ɗauka kara nake yi, wai ba na son yabon ubana da bakina. Na bar ta a haka.

Shekara uku ke nan ina tsayawa gaban wannan zane duk Asabar. Ina cewa Alhaji Falalu ne ya zana shi a 1978, mu muka ba da shi kyauta bayan rasuwarsa. Ina nuna musu marina uku da suka sunkuya a bakin rijiyoyin baba, wato ramukan rini, da tsagar da ke jikin katanga, sannan in ajiye mafi daɗi a ƙarshe: kwandon da ke kusurwar hagu ta ƙasa. In ce kwandon mahaifiyata ne, ya sa shi don ta shiga zanen ba tare da an ga fuskarta ba. Mata suna son wannan wurin ƙwarai, wata ma har ƙwalla ta taɓa yi.

Wa ya ce? Baba ya ce.

Ban san wa ya rigaye ni kai wa Umma labari ba. Ina shigowa gida ta ce za ta je ranar, har ta aika wa tela. Matar da likita ya hana hawa bene saboda hawan jini.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Darasin yau a kan kantoci ne. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, lambar ce adireshinsa. In za ka ɗauki littafi sai ka cika 'yar takarda da sunanka da kwanan wata, ka jefa a akwatin da ke teburin Safina. In ka gama ka mayar da shi daidai inda ka ciro shi. Ta ce littafin da aka ajiye ba a wurinsa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ɗakin, don ba wanda zai neme shi a inda ba a ce yana nan ba.

Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu. Sauran darasin ban ja wa komai layi ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan azahar

Na fara da sunan Baba a durowar katuna. Yankan jarida biyu na samu, na 1979 da na 1983, duk yabo. Na ji sanyi a raina, na ce aikin nan ba wuya. Sai Safina ta zo wucewa ta ce kada in tsaya a suna kawai, in nemi abin da aka zana ma. Sai na ja durowar harafin M, na nemi "marina".

Wani ɗan siririn littafi ne, bai fi shafi ashirin ba, na baje kolin zane da aka yi a nan Kano a 1976. Na cika takarda da sunana kamar yarinyar kirki, na jefa a akwati, na zauna na buɗe.

Shafi na goma sha ɗaya. Hoton baƙi da fari ne, amma ko a mafarki na san marinan nan uku, na san tsagar katangar. Babu kwando. A inda kwandon yake, rubutu ne, sa hannun mai zane. Sunan da aka buga a ƙarƙashin hoton ba na Baba ba ne.

Na rufe na mayar. Na yi sallama da kowa yadda na saba. Lawan direba ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi, na ce ya kashe na'urar sanyi kawai.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da asuba

Warin kananzir nake ji a hancina, alhali ba a amfani da kananzir a gidan nan.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Tun rasuwar maigidana da na dawo gidan nan, ban taɓa lura sosai da bangon falo ba sai yau. Inda zanen ya shekara arba'in a rataye, fentin wurin ya fi na sauran haske, murabba'i sak. Umma ta hana a sake fenti. Tana cin dambu tana kallon wurin, tana ba ni labarin yadda Turawa suka riƙa zuwa ganinsa, da yadda Baba yake sa babbar rigarsa ta shadda ya tsaya a gefe. Ta ce in tabbata na faɗi wannan ranar taro.

Na ce to. Na ce mata dambun ya yi gishiri, alhali bai yi ba.

Ina tsoro. Gara in rubuta shi a nan tunda ba mai karantawa. Ina tsoron a cire sunan Baba daga jikin katangar nan a gaban idon matarsa, kuma a ce 'yarsa ce ta ɗauko tsanin.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da rabi

Na yi abin.

Lokacin da suka fita sallar azahar na ce ni ina da uzuri. Na ciro ɗan littafin baje kolin nan daga wurinsa, na kai shi can ƙarshen ɗaki, kanta ta ƙasa, inda littattafan saƙa da kaɗi suke, na cusa shi tsakanin wasu manya biyu masu jan bango har ya shige ba a ganin gadon bayansa. Ban yaga ba. Ban fita da shi ba. Ban sace komai ba, yana nan cikin ɗakin. Tun ɗazu nake maimaita wa kaina haka.

Shekara talatin ina tsaye a kan yaran mutane a ɗakin jarrabawa. Na kama amsa a tafin hannu, na kama a cikin safa, na kama a bakin hijabi. Ashe dai wanzami ba ya son jarfa.

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Takardar da na cika tana cikin akwatinta. Sunana, kwanan wata, lambar littafin, da rubutuna mai kyau da nake alfahari da shi. Sai yanzu na tuna.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Safina ta ce ranar Litinin za mu koyi bin kanta. Kowa za a ba shi layi guda, ya bi littattafai ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana duba ko lambobin suna bin juna. Ta ce da haka ake gano waɗanda suka ɓata a cikin gida. Da ta faɗa ta dubi wajenmu gaba ɗaya, ba ni kaɗai ba, amma sai da biro ya faɗi daga hannuna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhaji Jibrin ya ɗauko mini biron, ya ce Hajiya, ke da aka ba aikin gida me zai dame ki, mu ne abin tausayi. Shi wai ya gano cewa zanen da ya shekara biyar yana cewa gidan wani attajiri ne a Fagge, ashe tashar jirgin ƙasa ce a Zariya. Yana ba da labarin yana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Na yi masa hassada.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan azahar

'Yan mata ashirin da wani abu daga wata makaranta a Giginyu, da malamarsu. Na zagaya da su lafiya lau har muka iso gaban zanen marinan. Na yi bayanin marina, na yi bayanin rijiyoyin baba, na nuna tsagar katanga, na juya zan wuce. Sai wata mai tabarau ta ce yayarta ta zo bara, ta ce akwai labarin kwando, a ba su.

Na ba su. Bakina ya san hanya, shi ya tafi da kansa. Suka yi ta "wayyo daɗi", malamar ta ce maza irin na da sun ƙare.

Na matsa kusa da zanen fiye da yadda muke barin baƙi su matsa. Fentin kwandon ya fi na ko'ina kauri. Yana da tudu-tudu, in ka kalle shi ta gefe. Shekara uku ban taɓa kallonsa ta gefe ba, kuma ba mantuwa ce ta hana ni ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Na roƙi Allah Ya sa a ba ni layin saƙa. Ban san ko ana irin wannan addu'ar ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Alhaji Jibrin aka ba layin saƙa. Ni aka ba ni na tukwane, ina jiyo shi ta bayan kanta. Gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya bi kantocin sama uku yana surutu, da ya zo ta ƙasa ya ce wannan kam sai 'yan zamani. Na ji kamar in yi guɗa. Sai Safina ta ce ba komai, Alhaji ya huta, ita za ta ƙarasa masa. Na ga gefen mayafinta ya taɓa ƙasa. Ta daɗe a durƙushe.

Can aka tashi. Ina ɗaukar jakata ta zo ta tsaya kusa da ni, ta rage murya.

"Malama, littafin nan da kika duba ranar sha biyar ya ɗan yi yawo, amma ya koma wurinsa. Ko za ki sake buƙatarsa."

Na ce na gode. Ta ce ba komai, ta karɓi jakata ta raka ni har mota kamar yadda take yi kullum. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ban san ko ta buɗe shi ba. Ta buɗe mana, wace ma'aikaciyar laburare ce za ta ciro littafi daga inda aka cusa shi ba ta buɗe ba?

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Maharazu.

To, na rubuta sunan da na gani a ƙarƙashin hoton nan. Baba Maharazu muke ce masa. Duk Juma'a a gidanmu yake cin abincin rana, shi da Baba su shige ɗakin baya da ƙyallaye da gwangwanaye, su fito hannu duk fenti. Shi ya koya mini zana kaza da layi biyar. Sai wata shekara ya kwanta ciwo, 'yan'uwansa suka zo suka ɗauke shi zuwa ƙauye, aka ce ba zai tashi ba. Kayansa suka zauna a ɗakin bayanmu. Bayan shekara uku ya tashi. Ya zo gidanmu sau ɗaya, ranar zanen yana rataye a falo. Ina bayan labule. Ban ji an ɗaga murya ba, ƙarar ƙofar gida kawai na ji. Bai ƙara zuwa ba, mu kuma ba mu ƙara ambatonsa ba.

Akwai saura, amma ba yau ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Darasi na ƙarshe: yadda ake ɗaukar bayani daga bakin mutum. Safina ta ce wanda ya gani da idonsa madogara ce, daidai da littafi, wani lokaci ma ya fi, muddin an rubuta sunansa da ranar da ya faɗa. Ta ce littafi yana jira shekara ɗari, tsoho ba ya jira.

A hanyar gida na tambayi Lawan wane gida ne Umma take aikensa da buhun shinkafa da turmin yadi duk azumi, tun da nake ganin abin ban taɓa tambaya ba. Ya dube ni ta madubi, ya ce wani tsoho ne a Gama, Hajiya ta ce kada a faɗi daga inda kayan suka fito. Ya ce shi ma a wurin direban da ya gada ya gaji aiken.

Na ce gobe zai kai ni.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan azahar

Mota ba ta shiga lungun, da ƙafa muka ƙarasa, ana tsallake kwata. Soro ne ƙarami, an jingine tsofaffin allunan shago a bango, na masu aski da masu gyaran rediyo, ashe da sana'ar rubuta alluna Baba Maharazu ya ƙarasa ƙarfinsa. Yana zaune a kan buzu, ya rame, hannunsa na dama yana rawa ba tsayawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ban faɗi sunana ba ya ce Muhibbar Falalu ce, goshin ne bai canja ba. Ya yi mini ta'aziyyar Baba, shekara shida bayan rasuwa, ya tambayi jikin Umma. Ya ce in yi mata godiyar shinkafa, ya daɗe da sanin mai aikowa.

Na yi ta kewaye-kewaye, ina aikin sa-kai, ana koya mana bincike, kaza da kaza. Ya bar ni har na gaji. Sannan na fito da littafin rubutuna.

Na ce, "Baba, wa ya zana marinan nan?"

Ya ce, "Ke da kika taso daga Nassarawa da rana tsaka, ai ba tambaya ce ta kawo ki ba."

Ya ce shi ya yafe wa Falalu tun kafin a kai shi makwancinsa, kuma abin da ya shiga tsakaninsu ba zai faɗa wa 'yar cikin Falalu ba, in rufe littafina. Ya ce kada in sa sunansa a takarda a matsayin wanda ya kawo ƙara, bai kai ƙara da ƙuruciya ba, ba zai kai da furfura ba. Ke nan ba zai zama madogarata ba.

Da na tashi tafiya ya kira ni. Ya ce ranar da ya je gidanmu ransa a ɓace yake, bai tsaya ya duba da kyau ba, wai kwandon ya yi kyau kuwa? Na ce ya yi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Falalu ya iya kwando. Mutane ne ba ya iyawa, kullum wuyansu yana fita dogo." Ya yi dariya har da tari.

Na yi kuka a mota. Lawan ya kunna rediyo don ya rufa mini asiri.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Tela ya kawo ɗinkin Umma, leshi ruwan toka. Ta gwada, ta sa na ɗaura mata ɗankwali. Sau uku ina buɗe baki. Na farko na tambaye ta ko ta sha maganinta. Na biyu na ce ko za ta haƙura da zuwa, zafi ake yi. Ta ce ko a kan gadon asibiti take sai an kai ta. Na uku na ƙara gyara mata ɗankwalin.

Na rubuta jawabi biyu. Ɗaya na yankan jaridu da babbar rigar shadda. Ɗaya na shafi na goma sha ɗaya. Duka biyun suna cikin jakata. Safina ba za ta tona ni ba in na karanta na farko, na san tarbiyyarta. Za ta tafa kamar kowa, ta raka ni mota, ta ci gaba da ce mini Malama. Wannan ma tsoronsa nake ji.

In wani abu ya sami Umma gobe, ni ce.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Na sa maganin Umma a jakata, da lambar likita. Ban karya ba.

Asabar, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru a jere, kafin ya rikice mini.

An jera kujeru a babban ɗaki. Umma a layin gaba, sandarta a kan cinya. Ni ce ta biyar. Alhaji Jibrin ya gama nasa na tashar jirgi ana ta dariya, aka kira ni. Na tsaya gefen zanen, daidai inda Baba yake tsayawa. Na sa hannu a jaka, ban duba ba, na san wanne na ciro don shi ne mai gajeren rubutu.

Na ɗaga ɗan littafin, na faɗi sunansa da shekararsa da lambarsa kamar yadda aka koya mana. Na buɗe shafin na ba shugaban kwamiti, ya bi hannu-hannu. Na ce zanen nan an nuna shi a 1976 da sunan Malam Maharazu, kuma a lokacin babu kwando a jikinsa. Ban dubi layin gaba ba.

Alhaji Jibrin ne ya miƙe, Allah Ya saka masa, ceto na ya zo yi. Ya ce shi ya yi aiki da maɗaba'u, a wancan zamani sunaye suna hawa kan juna kullum, abokai biyu a baje koli ɗaya, ai kuskuren masu ɗab'i ne. Ya ce kuma mutum yana iya ƙara kwando a zanensa in ya ga dama. Mutane suka fara gyaɗa kai, har da shugaban. Kowa yana son ya zama haka. Ya juya wajen Safina ya ce ai ita ta ce madogara ɗaya ba ta isa.

Safina ta ce haka ne. Ta dube ni, na ga ba ta son tambayar, amma aikinta ne.

"Malama, akwai ta biyu?"

Da na ce babu, da an tashi lafiya. An buɗe mini ƙofa har an riƙe mini labule.

Na ce, "Akwai. Ni ce. Ina shekara tara, a ɗakin bayan gidanmu, da damina. Ni na riƙe wa Baba gwangwanin kananzir yana wanke buroshi. Na ga sunan kafin ya rufe shi. Ya ce in an tambaye ni in ce kwandon Umma ne."

Shekara arba'in da bakwai ban taɓa faɗa ba, ko ga maigidana, ko ga littafin nan. Sai a lokacin na dubi Umma, hannuna a kan maganinta cikin jaka. Tana ƙoƙarin tashi. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ta. Wata mata ta kama ta, ta ture hannun, ta dogara sandarta ta miƙe da kanta. Ba ni ta duba ba, Safina ta duba.

"'Yan nan, in ana rubuta ta uku, ki rubuta. Ban taɓa mallakar kwando irin wannan ba."

Ta koma ta zauna. Ta gyara ɗankwalinta.

Muka shiga mota. Har muka wuce shataletale tana kallon waje. Da muka iso gida ta ƙi in kama ta, ta shige ɗakinta ta rufe. Na auna jininta da la'asar, ta miƙo hannu ba ta dube ni ba. Ya hau, amma ba irin wanda nake tsoro ba. Ban san ko fushi take da ni don na faɗa ba, ko don na daɗe ban faɗa ba, ko da kanta take yi. Ba zan tambaya ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na jiyo ta tana gaya wa Lawan ya nemo mai fenti, a shafe bangon falo.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan azahar

An cire tsohon katin. Ramukan ƙusa huɗu ne suka rage a gefen zanen, kafin a buga sabo. Na tsaya ina kallonsu na ji kewar Baba ta taso mini, don duk da haka shi ne yake goya ni a kafaɗa ya kai ni kallon jirgi. Ina sonsa, kuma ina jin kunyar abin da ya yi, ban san yadda zan ajiye su a kanta ɗaya ba.

Safina ta kawo mini takardar da za a adana a fayil ɗin zanen, ta ce sai mai bincike ya cika da hannunsa. Mai zane: Maharazu, 1976. Ta tambaye ni me za a rubuta game da kwandon. Na ce a rubuta cewa Falalu ne ya ƙara shi a 1978, nasa ne, kuma wanda ya fi kowa sani ya ce ya yi kyau.

Madogara ta farko, na rubuta littafin da lambarsa da shafinsa. Ta uku, na rubuta sunan Umma. Layin ta biyu na bari har ƙarshe. Akwai gurbin suna, akwai gurbin da aka ce a faɗi alaƙar mai ba da shaida da wanda ake magana a kansa. Safina ta ce wannan ba dole ba ne, ana iya barinsa fili.

Na rubuta: Muhibba Falalu, 'yarsa.